Ƙyallen Ja da Fari a Jakar Nuriye

A unguwar Mansur ta Makka, idan aka ce Zinariya mai kunne, ba wanda zai tambaye ka wace ce. Doguwar mace ce, 'yar Matamai ta ƙasar Damagaram, mai saurin tafiya da saurin fushi. Ta shigo Makka a 1994, shekara guda bayan rasuwar mijinta, da takardunta cif, iƙamarta, wato katin izinin zama, a ƙarƙashin wani kamfanin hidimar alhazai. Tun daga lokacin take goge ƙasa. Boko ko aji ɗaya ba ta yi ba. Allo ta yi, ta iya na sallah, tana kuma gane baƙaƙen Larabci idan an rubuta su manya-manya.

Sunan mai kunne kuwa aikin ne ya jawo mata. Idan zazzaɓi ya kwantar da alhaji, 'yan ɗakinsa duk suka tafi Harami, wa ya rage a gidan? Mai shara. Ita za a yafuto da hannu, ita za a yi wa nishi da yaren da ba ta taɓa ji ba. A haka Zinariya ta tara kalmomi. Ba ta iya hira da kowane yare ba, ba ta kuma taɓa cewa ta iya ba. Amma ruwa da magani da zo da na gode, da miji da mata, ta san su da harsuna sun kai talatin. Mutum ya buɗe baki sau biyu a gabanta, sai ta gaya maka inda jirginsa ya taso.

Shekara uku a jere kamfanin ya ajiye ta a wani bene a unguwar Aziziyya. A hawa na uku akwai alhazan Polan, ƙasar da a Makka ake ce wa Bulanda, su ashirin da 'yan kai. A hawa na huɗu akwai 'yan Jojiya, mutanen ƙauyukan kan dutse, tsofaffi masu kaushin hannu irin na manoman gida. Direbobi da masu ɗaukar kaya duk ɗaya suke ganinsu. Farare ne, sun zo daga ƙasar sanyi, kuma dukansu suna cusa baƙaƙe a baki ba wasali, kamar mai tura kaya a buhu. Wannan magana tana ba Zinariya haushi ƙwarai.

"Ku dai ba ku saurara ba ne," take cewa. "Ɗan Bulanda idan yana magana, kamar ruwa ya ɗiga a man suya, shhh, chhh, duk a bakin haƙori, da ɗan hanci-hanci. Ɗan Jojiya kuwa daga maƙogwaro maganarsa ke fashewa. Suna da ƙa irin tamu, suna da tsa irin tamu, har da wasu da mu ba mu kai gare su ba. Wannan ya ce voda, wancan ya ce tsƙali, duk ruwa suke nema. Wannan ya ce jenkuye, wancan ya ce madloba, duk godiya suke yi. Ina haɗin?"

Ko rubutunsu ba ɗaya ba ne. Na Bulanda baƙaƙen boko ne da kowa ya sani, an dai yi wa wasu jela, an soke wasu da layi. Na Jojiya kuwa nasu ne su kaɗai, zagaye-zagaye da ƙugiyoyi, kamar zanen lalle a bayan hannu. Zinariya ba ta karanta ko ɗaya, amma ta sha zubar da kwalayen maganinsu a shara, idonta ya riƙe.

Abu ɗaya ne ya haɗa su da gaske, shi ma ba yare ba ne. Tutar Bulanda fara ce a sama, ja a ƙasa. Tutar Jojiya ita ma ja da fari ce, sai dai tana ɗauke da gicciye har biyar. Jagoran 'yan Jojiya ya ji nauyin ya rataya wa alhazai gicciye a garin Makka, sai ya sayi yadi ja da fari, ya yayyanka, kowa ya ɗaura a jakarsa. Shi ke nan. Kowace shekara sai an kai akwatin hawa na huɗu hawa na uku, Zinariya ce mai hawa da sauka tana raba su, tana mita.

A aikin Hajjin 2012 kamfanin ya mayar da ita Kudai, kusa da tashar bas. Can suka buɗe wani ɗan ofishi na ajiye alhazan da suka ɓace: falo ɗaya na maza, ɗaya na mata, da tebur a tsakiya. Mai teburin wani saurayi ne, Abdulilah, haifaffen Mansur, jikan Hajiya Rabi mai waina. Zinariya ta san shi tun yana yawo ba wando. Yanzu ya gama jami'a, ya sa farar riga mai guga. Yana jin Hausa sarai, amma sai ka yi masa Hausa ya mayar maka da Larabci. Ranar da ya kuskura ya yi Hausar, ƙafa ta koma kafa, tsaya ta koma saya.

Ba mugun yaro ba ne, wannan shi ne abin takaicin. Yana da ladabi, yana ce mata Khala, wato inna. Amma ya yi imani da wata babbar takarda da ke manne a bangon bayansa, mai ɗauke da tutocin duniya. Tsarin ofishin ke nan. Idan alhaji ya zo da awarwaron shaida a hannu, an huta. Idan ba shi da shi, a dubi launin da ke jakarsa ko mayafinsa, a dubi bango, a rubuta ƙasarsa a kwamfuta, a kira jagoransu ya zo ya sa hannu ya tafi da shi. Ba sa hannu, ba fita. Wani mai tsoron Allah a ofishin kuma ya bi duk tutar da ke da gicciye ya manne ta da baƙin salatif, sai sunan ƙasar kawai ya bari a ƙasa.

Ranar shida ga Zulhajji da hantsi, wani direban bas ya shigo da wata tsohuwa. Gajeriya ce, fuskarta duk ta ƙone da rana, leɓɓanta sun tsattsage. Tun jiya ta rabu da mutanenta a Harami. Awarwaronta ya faɗi, wataƙila wajen alwala. Ta rungume wata 'yar jakar yadi a ƙirji da hannu biyu, kuma a hannun jakar akwai ƙyalle ja da fari.

Abdulilah ya kalli ƙyallen, ya juya ya kalli bango.

"Bulandiyya," ya ce, ya fara bugawa.

Tsohuwar ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe busasshen bakinta ta ce, "Tsƙali."

Zinariya ta jingine sandar goge-goge. Ta ɗebo ruwan zamzam mai sanyi a kofi, ta durƙusa ta riƙe mata. Tsohuwar ta shanye, ta sake miƙo kofin. Zinariya ta ce mata, "Jojiya?" Tsohuwar ba ta gane ba. Sai Zinariya ta tuna sunan da su kansu suke kiran ƙasarsu, ta ce, "Sakartvelo?"

Sai ka ce an kunna fitila. Tsohuwar ta cafke wuyan hannunta, ta shiga zuba magana ba numfashi, hawaye na bin kumatunta. Ta bugi ƙirjinta ta ce Nuriye, sunanta ke nan. Sannan ta buɗe jakar. Abu biyu ta fitar: tabarau na namiji mai kaurin gilashi, da kwalin magani mai rubutun nan zagaye-zagaye. Ta ɗaga kwalin ta ce tsamali. Ta ɗaga tabarau ta ce kmari, Jemal. Ta dafa gefen hagun ƙirjinta, ta nuna yatsa ɗaya wajen gabas, ɗaya wajen yamma.

Zinariya ba ta buƙatar tafinta. Tsamali magani ne, kmari miji ne. Wannan mata tana riƙe da maganin zuciyar mijinta, na safe da na yamma, da tabarau ɗinsa. Yana can wani wuri a garin nan, ba magani, ba ido, tun jiya.

Ta miƙe ta nufi tebur.

"Abdulilah, wannan ba 'yar Bulanda ba ce. 'Yar Jojiya ce. Kuma maganin mijinta na hannunta, na zuciya. A nemo mutanenta yanzu."

Ya yi murmushi bai ɗago kai ba. "Ya Khala, dubi ƙyallen. Dubi bango."

"Na ga ƙyalle. Ni yarenta na ji. Shekara uku ina share musu ɗaki."

"Jojiya?" Ya tashi ya bi bangon da yatsa har ya kai kan wani baƙin salatif. Ya ƙwanƙwasa shi. "Kin ga abin da ke ƙarƙashin nan? Gicciye biyar. Ƙasar Nasara ce. Ba Musulmi a can."

"To waɗanda na yi wa shara shekara uku aljanu ne? Da idona na ga suna sallah!"

"Khala, khalas, ya isa. Kowa ya yi shugulinsa."

Shugulinta kuwa kowa ya sani, ga shi can jingine da bango yana ɗigar ruwa. Don ya nuna mata ilimi, ya ɗauko wayarsa, ya rubuta wata magana, wayar ta juya ta Bulandanci, ya kara wa tsohuwar a fuska. Nuriye ta kalli baƙaƙen kamar yadda za ta kalli sawun kaza. Ya sa wayar ta furta, shhh, chhh. Nuriye ta juyo ta kalli Zinariya tana neman agaji. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, to, ko dai mai sharar nan tana da gaskiya? Abdulilah kuwa ya koma teburinsa ya ƙara layi ɗaya a kwamfuta: tsohuwa ce, kunnenta ya yi nauyi, hankalinta ya ɗan gushe.

Ya kira jagoran 'yan Bulanda. Mutumin ya ce shi dai a saninsa mutanensa sun cika, amma yana Jidda, gobe da safe zai leƙo.

"Gobe?" in ji Zinariya. "Mai ciwon zuciya zai jira gobe?"

Abdulilah ya koma kan kwamfutarsa. Ta kalli ƙofa. Ta san benen Aziziyya, da mota rabin awa ne. Amma ta san doka: ba sa hannu, ba fita, kuma ma'aikacin da ya bar bakin aiki a cikin kwanakin Hajji, kamfani ba ya sabunta masa iƙama. Tata kuwa a Muharram za ta ƙare, saura 'yan makonni. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa samun matsalar takarda ba. Ta ce a ranta, gobe ɗan Bulanda zai zo, zai faɗa musu da bakinsa, sai a gyara. Kwana ɗaya ne. Ta ɗauki sandarta.

Bayan la'asar tana goge ƙarƙashin teburin, wayar ofis ta yi ƙara. Abdulilah ya ɗauka, ya saurara, ya duba kwamfuta, ya ce, "La, ma fi. Babu irinta a nan. Wata 'yar Bulanda ce kawai muke da ita." Ya ajiye. Zinariya ba ta ji abin da aka tambaya ba, waya kuwa sau ɗari take ƙara a yini. Da magariba ta tashi aiki. Nuriye ta biyo ta har ƙofa da kwalin magani a hannu, mai gadi ya mayar da ita.

Washegari, bakwai ga wata, ɗan Bulanda ya zo kamar yadda ya yi alkawari, wani dogon mutum mai jan gemu. Ya durƙusa gaban tsohuwar ya gaishe ta da yarensa, a hankali, sau uku. Ta amsa masa da nata. Zinariya na tsaye tana jin su, man suya a gefe guda, fashewar maƙogwaro a ɗaya gefen, ko kalma ɗaya ba ta haye ba. Mutumin ya miƙe ya kaɗa kai.

"Ba tamu ba ce," ya ce da Larabcinsa na makaranta. "Yaren nan ko kusa da namu bai yi ba. Da Rashanci ne ma da na tsinci wani abu." Ya yi addu'a, ya tafi.

Zinariya ta juya ta kalli Abdulilah. Ta tsaya tana jira.

Ya ɗan sosa ƙeya. Sai ya tashi ya koma gaban bango. Wallahi gaban bango ya koma! Ya shiga bin duk tutar da ke da ja da fari. Indunusiya. Ya dubi tsohuwar, a'a, ba ta yi kama da su ba. Turkiyya. Tunisiya. Singafo. Har Kanada sai da ya tsaya a kanta yana tunani. Yatsansa ya tsallake baƙin salatif ɗin nan kamar ba ya wurin.

"Ɗana," in ji Zinariya, "na gaya maka jiya. Jojiya. Rubuta ka kira su."

"Khala, ba haka ake yi ba. An riga an shigar da ita Bulandiyya. Canza ƙasa sai mudir, shugaban ofis, ya sa hannu, kuma sai an rubuta dalili. Me zan rubuta? In ce mai shara ta ce?"

"Rubuta haka ɗin! Mai shara ta ce. Ƙarya ne?"

"Mudir yana Mina yana duba tantuna. Bayan la'asar zai dawo, in sha Allahu."

Gobe takwas ga wata. Da sassafe duk alhazai za su ɗunguma zuwa Mina, gidajen Aziziyya su zama kango, kuma neman tsoho ɗaya a cikin tantuna dubu-dubu, wannan sai Allah. Zinariya ta leƙa falon mata. Nuriye na zaune a ƙasa, ta jera ƙwayoyin magani huɗu a kan gwiwarta, waɗanda ya kamata a ce an sha tun shekaranjiya, tana ƙirga su da yatsa tana sake ƙirgawa.

Aka kira azahar. Abdulilah da mai gadi suka shimfiɗa darduma a falon maza. Zinariya ta ajiye bokitinta a tsakiyar hanya, ta yafa mayafi, ta miƙa wa tsohuwar hannu.

"Modi," ta ce. Zo.

Suka fita ta ƙofar gaba, a tsaye, ba wanda ya ce musu kanzil.

A tasha ta sami Maman, wani ɗan garinsu mai tasi. Ya ga fuskarta, bai tambayi komai ba, ya buɗe ƙofa. Hanyar rabin awa ta ci musu awa ɗaya da rabi, bas-bas sun toshe ko'ina. Da suka isa tsohon benen, mai gadin ya ce bana Pakistanawa ne a ciki. 'Yan dutsen nan sun koma can baya, layi biyu ko uku, bai san wane gida ba.

Suka sauka suka taka da ƙafa, cikin rana mai narka kwalta. Gidajen duk iri ɗaya, kowanne da haramai a shanye a taga. Zinariya ta hango ja da fari a wata ƙofa, ta ja tsohuwar da sauri, ta tarar da 'yan Indunusiya. Ta ji haushin kanta, ita ma ga shi ta bi ƙyalle. Daga nan ta daina kallo. Ta riƙa tsayawa a bakin kowace ƙofa tana kasa kunne. Nan Turkanci. Nan Urdanci. Nan Bosniyawa, shhh ɗinsu ya ɗan yi kama da na Bulanda. A layi na uku, a gaban wani shagon gurasa, ta ji wasu maza biyu suna magana ƙasa-ƙasa, sai ga ƙa da tsa suna fashewa kamar a kasuwar Matamai.

Kafin ta juya, Nuriye ta ƙwace hannunta ta ƙwala kira.

Mazan suka waiwayo. Ɗayan ya saki ledar gurasa ta faɗi ƙasa. Zinariya ta jira ta ga murna, ba ta gani ba. Suka kalli juna, suka sunkuyar da kai. Mata suka fito daga gidan suka kewaye Nuriye, kowace na kuka, ita kuwa tana ɗaga kwalin magani sama tana cewa Jemal, Jemal, tana leƙen bayansu.

Wani matashin limami ya fito, shi ne jagoransu na bana, ya iya Larabci. Shi ya gaya wa Zinariya. Tsohon, Jemal, ya ƙi zama. Kwana biyu yana fita neman matarsa a harabar Harami, yana laluben hanya ba tabarau, yana leƙa fuskar kowace tsohuwa. Sun nemo masa wani magani a kanti, ya ce ba irin nasa ba ne, nasa na hannun Nuriye. Yau da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a wurin jiran bas. Kafin azahar ya cika a asibiti.

"Yau?" in ji Zinariya.

"Yau ɗin nan." Limamin ya goge idonsa. "Ba inda ban nema ba. Ina kuka same ta?"

"Kudai."

Ya fito da wata takarda daga aljihu, jerin lambobin waya, kowace an ja mata layi. Ya sa yatsa a kan ɗaya. "Nan? Ai na kira su jiya bayan la'asar. Na ce tsohuwa 'yar Jojiya. Suka ce ba su da ita, wata 'yar Bulanda ce kawai."

Zinariya ta tuna inda take a lokacin. Tana durƙushe a ƙarƙashin teburin, taku ɗaya daga wayar, tana goge ƙasa.

Wani dattijo ya ce wani abu, limamin ya fassara: Jemal ya yi sa'a, ya rasu a Makka, za a yi masa sallah a Harami. Gaskiya ne, Zinariya ba ta musa ba. Ajali ba ya jira, wannan ma ta sani, ba sai an karantar da ita ba. Amma mutumin ya mutu yana neman matar da ke zaune rabin awa daga gare shi, da maganinsa a cinyarta, saboda wani ya fi yarda da bango. Kuma saboda wata ta san gaskiya tun jiya da hantsi, ta kalli ƙofa, ta ɗauki sandar goge-goge.

Ta juya za ta tafi, sai ta ji an riƙe mayafinta. Nuriye ce. An riga an gaya mata. Fuskarta ta bushe, hawayen ma sun ƙare. Ta kama hannun Zinariya, mai warin sabulun goge ƙasa, ta sumbace shi, ta ɗora shi a goshinta.

"Madloba," ta ce. "Madloba."

Da Zinariya ta koma Kudai, bokitinta na nan a tsakiyar hanya inda ta bar shi, mutane na kewaye shi suna wucewa. Abdulilah ya ɗago kai.

"Khala, ina Bulandiyyar nan? Mudir ya dawo, zai sa hannu."

Ta wuce shi ta je bango. Ta sa farce ta ɓare baƙin salatif ɗin, ja da fari suka fito da gicciyensu biyar. Ta manna salatif ɗin a kan teburinsa. Sannan ta gaya masa komai, da Hausa tsantsa, ba kalmar Larabci ko ɗaya, a hankali yadda ba zai ce bai ji ba: hantsi, wurin jiran bas, da wayar jiya bayan la'asar. Fuskarsa ta canza. Ya yi salati, ya daɗe yana kallon wayar ofis. Da ya buɗe baki, da Hausa ya yi magana.

"Inna, me zan rubuta?"

"Abin da na gaya maka jiya."

Ta tsaya ta jira a kore ta. Ta shirya, har ta tsara abin da za ta faɗa wa mudir. Ba wanda ya kira ta. An rufe takardar Nuriye da layi ɗaya, cewa an miƙa ta ga mutanenta lafiya. Ba a rubuta wanda ya miƙa ta ba, domin ba wanda ya lura mai shara ta yi awa huɗu ba ta nan. A Muharram aka sabunta iƙamarta ba ko tambaya. Ta karɓi katin, ta juya shi gaba da baya. Abin da ta tsaya karewa ke nan kwana ɗaya cur, ashe ba wanda ke nemansa.

Ta ƙara shekara biyar a ofishin kafin gwiwa ta zaunar da ita. A cikinsu ba ta sake neman iznin kowa ba. Idan ta ji yaren ɓataccen alhaji, sai ta ajiye bokiti ta kama hannunsa, mai tebur kuwa ya koyi kawar da kai.

Yanzu tana zaune a Mansur. Matan unguwa sukan tsokane ta idan an taru, su ce Zinariya, yi mana na gode da yaren duniya. Idan ranta na da daɗi takan yi musu, tana lanƙwasa yatsu: Turkanci, Urdanci, Bangalanci, na Indunusiya, har jenkuye na 'yan Bulanda, ana ta dariya. Wata rana wata da ta san ta tun Aziziyya ta ce, "Kin manta na mutanen hawa na huɗu."

Zinariya ta ce ba ta manta ba. Ta ce wannan godiyar an riga an faɗa mata ita, kuma ba ta cancanta ba. Ta tashi ta shiga ɗaki.